Wa Ya Biyo Ki?

Shekara sha tara ina awon auduga a Garwa,
ban taɓa cin kilon kowa ba.
Yau ni ake ɗorawa a sikeli,
nas Marta ta rubuta, ta ƙi haɗa ido da ni.

Da kumburin ciki ta yi sallama.
Loma uku, na ƙoshi.
Na sha kanwa, na sha sabara, na ce iska ce.
Zani ya daina zagayowa,
har maƙwabta suka soma yi mini barka da ido,
ni da autana ya fi ni tsawo.
Likita ya juyo da hoton, ya nuna da bakin biro:
sankara ce, a ƙwan haihuwa.
Rumbun da na ɗebo 'ya'ya huɗu,
nan baƙuwar ta shimfiɗa tabarma.

Suka yanka, suka kwashe rumbun kaf.
Sai mota zuwa Ngaundare,
sai jirgin ƙasa, kwana guda ana jijjiga,
sai ruwan magani a jijiya,
garau kamar na randa, amma garwashi.
Kitson da Dudu ta yi mini
ya kwana a kan matashi, ya ƙi tashi da ni.

Na yi sallah a tsaye, na yi a zaune,
na yi da ido kawai.
Akwai daren da na juya wa bango fuska
na ce, ya Rabbi, ban gane ba.
Ban ji amsa ba.
Amma asuba ta zo, kuma da ni a cikinta.

Kwasar adashi ta Astajam ce a watan,
keken ɗinki take hari tun bara.
Ta ƙulle sefar a tsumma, ta tura ƙarƙashin katifata,
ta fita tana faɗan ban share tsakar gida ba.
Marta ta ce sun ambaci sunana a cocinsu.
Na ce na gode, ƙofar Mai ji ba ta cika.
Bappa Yero mai babur, in na miƙa kuɗi,
sai ya kurmance.

Marta ce ta ce in taka.
Ranar farko, gindin darbejiyar ƙofar gida, na zauna ina haki.
Mako biyu, bakin famfo.
Takalmin ƙwallon autana ya yi mini yawa,
na cusa auduga a bakinsa.
Tafin ƙafata kamar na aro, magani ya kashe shi,
sai na ji ƙarar taku
kafin in yarda na taɓa ƙasa.
Wata safiya, ban yi shawara da kowa ba,
tafiyar ta zama sassarfa.

Mai shayin kwanar Yalwa ya ɗaga ludayi:
"Barira, wa ya biyo ki?"
Dariya ta ci ni har ɗinkin ya motsa.
Ka bari, Malam. Ba za ka gan ta ba.

Yanzu mu bakwai ne bayan sallar asuba,
hijabai na kaɗawa har gadar Binuwai.
Dudu na tsine wa gwiwarta,
Astajam na gudu da silifa.
Kowane taku ina jan tasbihi,
numfashi ne carbin.
A ƙasa dorina ta ɗago kai,
ta dube mu, ta ga ba abin ci ba ne, ta nutse.

Lambar jinina ta sauka sau uku.
Wancan watan ta ɗan ɗaga.
Alhamis za a sake ɗiba.
Ni mai awo ce, na san sikeli ba ya jin roƙo,
na kuma san ba a hannunsa kwanana suke ba.

Ko ni ke gaba, ko ita, ban sani ba.
Gobe dai Laraba.
Dudu, ki ƙwanƙwasa da ƙarfi,
kwanan nan barcina ya yi nauyi.