Kofi na Huɗu

A wani shago a Filato, kusa da mai gyaran agogo,
Madam Rakiyatu ta jera mana kofuna biyar.
Ta ce: kar ku haɗiye.
Ku kurɓa, ku juya a baki, ku tofar.

Ni da na tashi kan kafen Tsahiru mai tebur,
rabin cokali na gari, madara har ta yi fari,
a tsoma burodi sai ya nutse,
ban san ana tofar da abin da aka saya da kuɗi ba.

Ta ɗaga jakar gahawar tana karanta bayanta:
daga tsaunukan Habasha,
akwai abarba a ciki, in ji su, akwai mangwaro,
da wani ɗan itace
mai suna kamar sunan ciwon so.

Na kurɓa. Ɗaci.
Na sake. Ɗaci, da ƙuna a dasashi.
Lawali a gefena yana ta gyaɗa kai
sai ka ce abarbar ta gaishe shi da suna.

Kofi na huɗu ya huce ban lura ba.
Da na kai shi baki
wani ɗan tsami ya taso ta gefen harshe,
a hankali, kamar baƙon da ya san gida.
Ba abarba ba ce.
Magarya ce, wadda ba ta gama nuna ba,
irin ta bayan rijiya a Bambai,
wadda Inna Hajo ke ƙullewa a bakin zane
ta kwance mana bayan la'asar,
da ɗumin jikinta a kai.

Na manta, na haɗiye.

Madam ta ce: me kika ji, Hamsatu?
Na faɗa, murya ƙasa.
Lawali ya yi dariya.
Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki kofina ta shinshina,
ta daɗe idonta a rufe,
sannan ta juya ga allo,
ƙarƙashin dogayen kalmomin Faransanci,
ta ce: yaya ake rubuta ta?

Da yamma, a bakin gada,
na sayi mangwaro uku hannun wata ƴar Harobanda.
Na shinshina ɗaya tun kafin ta ba ni canji.
Babu gahawa a cikinsa ko kaɗan.