Awon Hannu a Yongsan

Ruwan Yuli na dukan rufin kasuwar Yongsan,
na shiga da jiƙaƙƙiyar lema, wuyan hannuna na zogi.
Dare goma sha ɗaya ina shan kaye a wasa,
kowane dare linzamina ke ɗaukar laifi:
in auna abokin gaba, harbina ya sami bango,
in ce dama, shi ya ce sai ya yi shawara.

Hawa na uku, bayan mai gyaran waya,
nan tsoho Pyo Deok-su yake,
shagonsa bai ɗauki mutum uku a tsaye ba.
Linzamai rataye a igiya kamar busasshen kifi,
wasu na walƙiya, ja da shuɗi,
wasu shiru, ba ruwansu da kowa.

Na nuna wanda ya fi ƙyalli.
"Wancan, mai maɓalli goma sha biyu,
wanda lambar kwalinsa ta kai dubu talatin."
Ko kai bai ɗaga ba.
"Lamba ta kwali ce, 'yata. Miƙo hannun."

Ya shimfiɗa tafina a kan farar takarda,
ya zagaye shi da guntun fensir.
Shekara ashirin, in ji shi, yana yanka safar hannu a Daegu
kafin masana'antar ta rufe.
"Santimita goma sha bakwai.
Kin sa takalmin yayanki kin shiga tsere,
sannan kina zagin hanya."

Ya ce in riƙe yadda na saba.
"Wani yakan kwantar da tafi duka,
kamar mai lallashin kyanwa.
Wani ya ƙanƙame da farata,
kamar ƙaguwa a kasuwar Noryangjin.
Ke da kan yatsu kike ɗauka,
yadda ake ɗaukar tofu da tsinke biyu.
Nauyi ne maƙiyinki."

Sai ga sikeli.
Mai ƙyallin nan, giram ɗari da ashirin.
Ya laluba ƙarƙashin tebur,
ya fito da wani toka-toka, ba ado, ba fitila,
hamsin da tara.
Na ɓata fuska. Ya yi kamar bai gani ba.

"Ja shi da gudu, ki tsaya cak.
In kibiyar ta zarce inda kika tsaya,
maƙaryaci ne, ajiye shi.
Ɗaga shi sama, ki sauke.
Ta yi tsalle?"
Ba ta yi ba.
"Danna. A'a, kada ki duba, saurara."
Ƙas. Ƙas.
Kamar an karya siririn ƙashin kifi.

"Mai igiya ko marar igiya?"
"Kikan manta da cajin wayarki?"
"Kullum."
Ya miƙo mai igiya, laushinta kamar zaren ulu.

Rabin kuɗin da na ƙulle na biya.
Ya rubuta Ok Hye-rin a gefen takardar,
ya ninke ta, ya buɗe aljihun tebur.
Na hango ɗaruruwan hannaye kwance a ciki,
manya, ƙanana, ɗaya mai yatsu huɗu.

Da dare, a gidan wasan unguwarmu,
tururin taliya na tashi daga kofin takarda,
Gi-tae da Sol-bi na ihu a kunnena.
Kibiya ta je inda na aike ta,
ta tsaya inda na ce ta tsaya.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Duk da haka mun sha kaye, biyu da ɗaya.

Na dubi ɗan toka-tokan nan a ƙarƙashin yatsuna,
na nemi laifin da zan rataya masa,
na juya shi, na duba cikinsa, babu.
Wuyan hannuna ma ya yi shiru.
Sol-bi ta ce, "To, yau kuma waye?"
Na ja kujera, na ce a sake.