Ɗan Kurege a Akwatin Zare

Daren da iska ta karya reshen kwakwar Ouseph,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
Jithin ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya jiƙe sharkaf,
hannuwansa biyu dunƙule a ƙirji.
Ya ce, "Goggo Saramma, duba."
Na duba.
Ɗan kurege ne, bai kai babban yatsana ba,
ido a rufe, zane uku a gadon baya
kamar layin allin da nake ja a yadi kafin in ɗauki almakashi.
Uwar na can gindin kwakwa. Hankaki sun riga mu.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a Alappuzha,
na san yadda ake lallaba siliki,
ban san yadda ake riƙe rai mai nauyin maɓalli ba.
Na zuba ruwan ɗumi a kwalba, na naɗe da tsohon sari,
na juye akwatin zare na shimfiɗa masa.

Kuskuren nawa ne.
Madarar shanu na ba shi, da cokali, cikin gaggawa.
Kwana biyu sai gudawa,
sai numfashi mai ƙas-ƙas
irin kukan kekena idan zare ya sarƙe.
Na hau jirgin ruwa da akwatin a cinya, na rufe da lema,
ina jin kunyar masu kallo, ina jin tsoron in buɗe.

Likita Radhamani ta kara kunne a ƙirjinsa.
Ta ce, "Madara ta bi hanyar iska."
Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.
Ta ba ni sirinji marar allura, da garin madara na musamman,
da magani ɗigo ɗaya safe, ɗaya dare.
"A kan cikinsa zai sha, kada ki kwantar da shi rigingine.
Ki shafa masa mara da auduga mai ɗumi,
haka uwarsa za ta lashe shi ya yi fitsari."

Duk awa uku.
Ƙarfe biyun dare, ƙarfe biyar,
ni da fitila da sauro da kwaɗin bakin rafi.
Rigar amaryar gidan Varghese ta yi kwana tara a rataye babu hannu ɗaya.
Ouseph ya leƙo ta katanga ya ce,
"Duk wannan a kan ɓera mai ado?"
Washegari ya aiko da gwaba.

Ranar sha shida ya buɗe ido.
Ɗaya tukuna. Ya kalle ni ba godiya, ba tuhuma,
ya kama bakin sirinji da hannu bibbiyu.

Na ɗauka mun haye.
Sai ƙafafun baya suka fara ja,
yana tafe yana sharar tebur da su.
Likita ta ce ƙashinsa ya yi laushi.
Na daka ɓawon ƙwai ya yi luƙui, ina barbaɗawa a ayaba,
kowace hantsi in kai shi taga ya sha rana,
in riƙa miƙe masa ƙafa a hankali
kamar mai warware zaren da ba ta son ya tsinke.

Ta dama ta dawo.
Ta hagu ta tsaya a karkace, haka za ta zauna.

Yanzu yana hawa labule, ya faɗo, ya sake.
Ya cinye min tef ɗin awo daga inci ɗaya zuwa huɗu,
sai dai in fara auna mutane daga biyar.
Ban sa masa suna ba. Jithin ya sa, ni na ƙi kira.

Jiya na bar taga a buɗe.
'Yan'uwansa na can ƙololuwar kwakwa suna cacar baki.
Ya tsaya a bakin katako, jela na rawa,
ya dira reshen gwaba mafi kusa da ƙasa.
Na zauna na taka keke don kada in kalla.
Na ɗinke aljihun wandon wani ruf, har baki,
ban lura ba sai da yamma,
lokacin da na ji ƙarar farce a akwatin zare.