Sikelin Kuza

Fayil ɗari uku da sha ɗaya,
gurbi arba'in a tsangayar shari'a.
Ni ne akawu, ni ke jerawa.
Sanyin Jos na shigowa ta tagar da ta ƙi rufuwa,
shayina ya huce tun ban je rabi ba.

Umarnin a rubuce yake da jan biro:
mai maki uku da rabi ya hau tebur,
wanda bai kai ba ya sauka kwali.
Ba a ce in tambayi wanda ya yi awon ba.

Ga fayil ɗin Nanret Dakup,
uku da ɗigo huɗu da bakwai.
Na san sashen da ta fito,
na san tsohon da ya koyar da ita,
hannunsa hannun jarirai.
Yakan ce saba'in ta Allah ce, sittin tasa,
ɗalibi ya je ya yi kokawa da hamsin.
A ajinsu ita ce ta biyu.
Takardar ba ta faɗi haka ba,
takarda ba ta da surutu.

Ga na Mas'udu Tilde,
huɗu da ɗigo ɗaya, tambari har da ruwan zinari.
Makarantarsu maki kamar ruwan Agusta,
ko ba ka fito da bokiti ba sai ka jiƙe.
Ban ce yaron bai yi karatu ba.
Wataƙila ya ƙone kyandir fiye da kowa.
Ban san shi ba.
Lambar ma ba ta san shi ba.

Babana kuza ya haƙa a Bukuru
har ƙafafunsa suka tsage kamar gindin tafki.
Masu saye biyu ne a bakin rami.
Buhu ɗaya, gumi ɗaya,
wurin wannan laba tara, wurin wancan sha ɗaya.
Yakan ce, "Ilu, kuza ba ta ƙarya,
sikeli ne ke da ubangida."
Akwai wani baƙin dutse a aljihunsa
wanda ya san nauyinsa kamar sunansa.
Kafin a auna masa, sai ya auna ma'auni.

Ni ba ni da dutse.
Rula gare ni, da kan sarki, da igiyar ɗaure fayil.

Jiya na tari shugaban kwamiti a matakala.
Na ce, "Ranka ya daɗe, da za a duba matsayin kowa a ajinsu."
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce, "Malam Ilu, lamba ba ta da ƙabila,
ba ta zuwa masallaci, ba ta zuwa coci.
Ka san garin nan.
Ranar da muka saki lamba, me za mu riƙe?"
Na yi shiru, don shi ma bai yi ƙarya ba.
Abin da ya hana ni barci ke nan.

A ƙofar tsangaya akwai matar siminti
an ɗaure mata ido, an miƙa mata sikeli.
Kullum ina wuce ta da safe.
Yau na tsaya na duba:
wa ya ƙera mata shi, a wace maƙera?

Mas'udu ya hau tebur.
Nanret ta sauka kwali, amma a sama na sa ta,
na ɗauki fensir na rubuta a gefen bango,
ƙanana, yadda ba za a ce na yi shisshigi ba:
ta biyu cikin tamanin da shida.
Fensir ne. Kowa na iya gogewa.

Da yamma a Farin Gada na tsaya sayen acca.
Mai awo ta cika mudu har ya yi tozo.
Na ce ta juye, ta kifa shi in ga gindin.
Ta dube ni ta ce, "Baba, lafiya?"
Na ce lafiya lau.
Na biya, ban ƙirga canji ba.