Batu Na Bakwai

Ran Talata nika rufe shago da hantsi,
in bar rediyon mutane da cikinsu buɗe,
in hau kabu-kabu zuwa sakatariya.
Bencin baya, gefen taga, nan ne wurina.
Masinja ya san ni. “Labbo, yau ma?”
In ce mashi, “Yau ma.”

Fanka ɗaya ce, bisa kan shugaba take.
Mu na baya sai fifita da takardar ajanda,
iyakar amfanin da munka gani gare ta ke nan.

Batu na ɗaya, addu'a. Mun shafa.
Na biyu, karatun abin da anka ce wancan zama,
muryar sakatare awa ƙudan zuma cikin tulu.
Na uku, fentin ƙofa: kore ko ruwan ƙasa?
Kansila biyu sunka tashi kamar za su dambe,
awa guda cur, kore yac ci.
Na huɗu, ƙarin kuɗin rumfa ga 'yan tireda.
Wanga bai ɗauki minti uku ba.
Hannuwa sunka tashi tare
kamar gero ya ji ruwan farko.

Kwalbatinmu shi ne na bakwai.
Tun bara yake na bakwai.
Kullum ladan na riga shi zuwa.
Ana kai na shida sai a ji kiran azahar,
a naɗe fayil, a ce sai zama na gaba.

Ku zo Mabera ran da hadari yat taso daga gabas.
Ku ga Nomau tela ɗauke da kekensa a ka,
ku ga 'yan firamare da takalma a hannu
suna laluben hanya da yatsun ƙafa.
Katangar Arzika ta kwanta cikin dare,
ba ta yi sallama da kowa ba.
Sauro kuwa ya yi gida, ya yi jikoki,
shi kaɗai ne ba a nema wa kuɗin rumfa.

Rannan Tumba mai awara tab biyo ni.
Ba ta iya boko ba, ba ta nemi izini ba.
Ana tsakiyar na biyar tat taka har gaban tebur,
taf fiddo gora daga cikin mayafi,
ruwan ƙofar ɗakinta, baƙi ƙirin,
tad dangwarar kusa da ruwan roba na shugaba.
“Ranka shi daɗe, ga tsaraba.
Mu da shi muke kwana.”

Zaure yay yi tsit, har fanka anka ji tana kuka.
Kansilanmu, Ige, wanda munka yi wa layi cikin rana,
ya duƙa yana neman wani abu cikin waya.
Shugaba yay yi gyaran murya,
yac ce magana ta yi, uwa ta yi gaskiya,
yanzu-yanzu a kafa kwamiti.
Mutum biyar, sati shida.
Na rubuta a bayan rasit ɗin batir.

Yau sati na sha ɗaya.
Ƙofa ta sha kore, ta yi kyau, ban ƙi gaskiya ba.
Mai rasit ya zo shagona tun ranar Lahadi.
Na biya. Na tambaye shi kwalbati,
yac ce ba ofishinsu ba ne.

Gorar Tumba tana nan, ba a zubar ba.
Masinja ya ajiye ta bisa taga, dab da kafaɗata.
Laka ta kwanta ƙasa, sama ya yi garau,
wanda bai sani ba sai shi ce na sha ne.
Haka rahoton zama yake in an buga shi.

Kowace Talata, kafin a buɗe da addu'a,
sai in miƙa hannu
in girgiza ta.