Kujera ta Biyar

A Ulanbatar, ƙarƙashin shagon mai gyaran takalma,
matakala goma sha ɗaya ke kai mutum ɗakin wasa.
Na ƙirga su ranar farko, ƙanƙara a girata,
kuɗin awa biyu sun jiƙe a tafina.
Su huɗu ne, suna neman cikon na biyar.
Sodbileg ya turo mini kujera da ƙafa,
bai ɗago ba, bai nemi sunana ba.

A bango akwai farashin awa, da na shayi mai gishiri,
da kashedi ga masu dukan tebur.
Sauran dokokin a fuskokin mutane aka rubuta su,
ni kuwa allo na ƙura wa ido.

Zagayen farko na toge a ƙofa ina leƙe,
mutum uku a bayana kamar tumaki a bakin shinge.
Gurneti ɗaya ya kwashe mu a dunƙule.
Ba wanda ya ce uffan.
Enkhjin ta hura yatsunta, ta gyara zama.
Ashe ƙofa ta wucewa ce.

Da aljihuna ya yi nauyi
na sayi doguwar bindiga mai madubi, har da murmushi,
Tuvshin na gefena da 'yar ƙarama,
kamar mai fita farautar kerkeci da cokali.
A kwanar farko na faɗi, abokan gaba suka ci gadona.
Can gaba, da talauci ya zagayo kaina,
sai ga bindiga ta faɗo a gaban ƙafata.
Tuvshin ne. Ko waiwaye bai yi ba.
Ranar na san kunya tana da ƙarar ƙarfe.

Amma babban laifin na bakina ne.
An kashe ni, na koma ɗan kallo,
saura Sodbileg shi kaɗai a lungu, ya ɗauke numfashi,
yana sauraren takun mutum biyu.
Sai na ɓarke: dama! a'a, hagu! bayanka! ɗura harsashi!
Takun ya nutse a cikin ihuna.
Aka harbe shi ta inda ban ambata ba.
Ya zare abin kunnensa a hankali, ya ajiye,
ya ce wa mai ɗakin, "Ƙaro shayi."
Hukuncin ke nan. Da ma zagina ya yi.

A matakala, tana naɗa mayafin ulu,
Enkhjin ta ba ni sadakar magana, sau ɗaya tak:
"In ka faɗi, faɗi ina, faɗi su nawa.
Daga nan ka zama gawa mai ladabi."

Sauran na tsince su da kaina, kamar gawayi a toka.
Ranar da kuɗi ya gaza, tare ake azumi.
Ba a tauna a bakin makirufo.
Ba a tashi don ci ya yi muni,
ko da motar ƙarshe za ta wuce ka tafi gida a ƙafa.
"Laifina ne" ya fi harsashi arha,
kuma wanda ya riga furta shi, ba a ƙara masa.
Waɗanda suka lallasa ku, ku rubuta musu: kun iya.

Sanyi ya sassauta, hayaƙin unguwannin tudu ya ragu.
Tuvshin ya tafi aikin ma'adinai a kudu,
kujerarsa ta kwana uku ba kowa.
Jiya wani yaro ya sauko, kuɗinsa a dunƙule,
leɓɓansa na motsi: tara, goma, sha ɗaya.
Ya toge a ƙofa. Na haɗiye abin da ya taso mini.
Na jefa masa bindiga, na dubi wani wajen.
Da na rage ni kaɗai, ya cika mini kunne da hagu da dama
har aka kwantar da ni.

Na zare abin kunnena.
Sodbileg na kallona ta gefen ido.
Na ce wa mai ɗakin, "Shayi.
Kofi biyu."