Rumawa a Kunnen Hagu

Kunnen dama na bar wa titi,
na hagu na toshe da 'yar igiyar waya.
Ina zaure, bayan Ƙofar Kuyambana,
allura a hannu, aska takwas a cinya,
wani malami daga Samaru yana ba ni labarin Rumawa.

Fodkas ne, kashi na sittin da ɗaya.
Jiya sai da na hau katanga sannan sabis ya sauko da shi.
Ya ce ba su taɓa kiran kansu Bizantiyawa ba,
bayan sun shuɗe aka laƙaba musu,
kamar a yanka ragon suna an dawo daga maƙabarta,
mai sunan ba ya nan balle musawa.

Ya ce 'yan shuɗi da 'yan kore,
a kan tseren keken doki, sun ƙone rabin birni.
Dariya ta sa allura ta soke ni.
Na tuna gidan kallon ƙwallo na Tudun Wada,
daren da haƙorin Ɗanjuma ya fita a kan fanareti.
Ashe cutar tsohuwa ce, mu ne muke ganinta sabuwa.

Wasu masu bauta su biyu
suka ɓoye ƙwan tsutsar siliki a cikin sandar gora,
suka ratso duwatsu da shi tun daga gabas.
Na dubi zarena, ɗan Sin ne shi ma,
sai dai shi ta Kwari ya biyo kafin isowa.

Dinarinsu shekara ɗari bakwai bai san gauraye ba,
daga baya aka ɗiga masa azurfa, aka bi da tagulla.
Nan kam ban nemi fassara ba.
Na auni tiyar masara ranar Talata,
na san yadda kuɗi ke ramewa.

Ganuwarsu ninki uku, ta yi shekara dubu a tsaye,
sai da aka jawo igwa da shanu sannan ta tsage.
Tamu fa?
Ba igwa, ba mayaƙa.
Tifa ce da shebur, da ruwan Agusta,
da ni kaina, kada in ɓoye:
baro huɗu na jar ƙasa na kwaso bara
na toshe inda ɗakina ke yoyo,
na kwana lafiya cikin guntun ganuwa.

Sai ya zo kan wutar nan mai ci a bisa ruwa,
wadda ta kori jiragen maƙiya sau da dama.
Sirrinta a hannun 'yan tsiraru, uba ya raɗa wa ɗa,
ba a yarda takarda ta ji ba.
Aka wayi gari babu wanda ya san haɗinta.
Ba ɓarawo ne ya ɗauke ba.
Shiru ne ya yi ta gutsura har ƙarewa.

Na zare igiyar daga kunne.

Ga Baba Yero can yana gyangyaɗi a buzu,
yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma tana hanya.
Akwai wani ɗinkin wuya da yake kira kwanciyar hawainiya,
duk layinmu shi kaɗai ya rage da shi.
Shekara tara ina zaurensa.
Na haddace sarakunan da aka ƙwaƙule wa ido a Santambul,
ban taɓa tambayarsa ba, ko don sabawa.

Na danna ɗaukar murya, na ajiye wayar kusa da gwiwarsa.
Baba, ka faɗa mini yadda ake yi.
Ya ce, mutanen naka sun gama yaƙin ne?
Na ce da saura, an kewaye su.
Ya ce to su jira. Miƙo allurar.
Wannan ba a baki take ba.

Da dare na kunna abin da wayar ta kama.
Minti arba'in:
tarin tsoho, kukan kaza, babur ya wuce,
sai ƙarar zare yana shiga yadi yana fitowa.